Kifin Chadin da Bai Taɓa Ganin Chadi Ba

Shekara goma sha tara na yi ina sayar da kifin Chadi a kasuwar Magariya, kuma a duk kifin da na soya babu ko ɗaya da ya taɓa ganin Tafkin Chadi. Ban san haka ba sai da na shiga makaranta da furfura a kaina.

Ni an san ni da baki. Matan unguwarmu ba sa kawo mini sabon zane in gani sai sun shirya jin abin da ba su so. Na taɓa gaya wa uwar mijina, a gaban baƙi, cewa miyarta ba ta ji gishiri ba, kuma har Allah ya karɓi ranta ba ta daina ba da labarin ba. Ba na alfahari da wannan, amma ina alfahari da abu guda: ba a taɓa kama ƙarya a bakina ba. In kifin jiya ne na sake ɗumamawa, zan ce na jiya ne, wanda ya ga dama ya saya. Mutane da yawa suna tsallake tebura biyu su zo nawa saboda haka. Rabin jarina kasko ne da mai, rabin kuwa wannan bakin ne.

Teburina yana kusa da ƙofar tasha, inda motocin ƙauye ke sauke mutane. Murhu, kasko, matsami, kwanon yaji, sai faifan da nake fifita wuta. Kullum da safe nakan je shagon wani mutum da muke kira mai firigo, saboda babban akwatin sanyin da yake ajiye kaya a ciki, in ɗauko kifi a kwali, daskararre kamar dutse. Ta wajen Kano ake kawo masa. Ranar kasuwa kwali biyu nake ƙararwa, sauran ranaku abin da ya samu. Da wannan na ciyar da 'ya'ya shida, don hatsin gonar mijina bai taɓa kai mu wata damina ba, ko da yake shi kullum gani yake bana zai kai.

Ranar da na fara sana'ar na tambayi mai firigo daga ina kifin yake. Ya ce daga Chadi. Me zai sa in musa? Mu mutanen tudu ne. Kifin da muka sani da ransa tarwaɗa ce ta tafkin damina, wadda ake kamawa da hannu in ruwa ya ja baya. Na Chadi kuwa banda ne yake zuwa mana, baƙi ƙirin, a nannaɗe, ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa kafin hayaƙi ya ci ta. Da aka nuna mana wani mai sheƙi kamar sabon kwano aka ce shi ne ɗanyensa, sai muka ce to. Na fita na buɗe murya ina kiran kifin Chadi, kuma muryata ba ƙarama ba ce.

Kwalin kuwa ban taɓa yar da shi ba. Da shi nake hura wuta. Nakan yage shi in tura ƙarƙashin itace, in ya yi saura in shimfiɗa wa jariri a inuwar tebur, ko in toshe ɓular rufin kaji. A gefen kowane kwali akwai wata farar takarda a manne, cike da rubutu. Ita nake fara cinnawa, don ta fi saurin kamawa.

Abin da ya kai ni makaranta ba son ilimi ba ne, haushi ne. Na je ma'aikatar magajin gari karɓar takardar haihuwar jikata. Ma'aikacin da ke wurin bai ko tambaye ni ko na iya sa hannu ba. Ya dube ni sau ɗaya, ya kamo babban yatsana kamar mai duba ƙafar akuya, ya dangwala a tawada, ya danna a takarda, ya ce na gaba. Na fito da yatsa shuɗi ina zagin iska har gida. A makon nan na sa sunana a ajin karatun manya. Shekarata arba'in da bakwai.

Bayan la'asar muke shiga, a wani ajin lakwal, wato makarantar boko, in 'yan makaranta sun tashi. Mata ne zalla, muna cusa jikinmu a bencin da ba don mu aka yi shi ba. Mai koya mana wata matashiya ce da ba ta kai babbar ɗiyata ba, muna ce mata Madam, ita kuma tana ce mini Inna. Wata shida na yi ina faɗa da harafi. Hannun da ke juya kifi a tafasasshen mai, sai ga shi ya kasa juya alƙalamin bik. Amma da abin ya buɗe, sai na zama annoba. Ba na wuce allon shago ban tsaya na haɗa shi ba. Na karanta bayan motoci, na karanta buhun siminti, na karanta rigar wani saurayi a tasha har ya tsargu ya bar wurin.

Wata rana Madam ta ce kowa ta zo da wani rubutu daga gidanta. Wasu suka kawo kwalin magani, wata ta kawo katin zaɓe. Ni na yanko gefen kwalin kifi, da ƙarninsa da komai. Na riga na gwada shi a gida ya gagare ni, don ba Hausa ba ce. Abin da na nema kawai shi ne kalmar Chadi, wadda na iya rubutawa, kuma na bi takardar layi-layi da yatsa ban gan ta ba. Na ɗauka Nasara wata irin rubutawa suke yi mata.

Madam ta riƙe kwalin nesa da hancinta ta karanta. Da Faransanci aka yi shi da kuma Ingilishi. Ta nuna mana inda aka sa nauyi, da inda aka sa sunan kifin, wani dogon suna kamar na maganin asibiti. Sai ta zo kan wasu manyan harufa uku da lamba a gabansu: talatin da huɗu. Ta ce wataƙila yawan kifin da ke ciki ne. Na ce a'a, shekara goma sha tara nake buɗe kwali, ban taɓa samun biyu da suka zo daidai ba. Sai ta ce to ba ta sani ba, amma za ta tambayo. Daga ranar na fara ganin girmanta. A garin nan mai takarda da zai ce bai sani ba sai an tona.

Yayanta yana aiki a ma'aikatar kiwo, shi ne mai duba nama a kwata. Shi ta tambaya. Mako na gaba ta shigo da taswirar duniya da ta aro a ofishin darakta, shugaban makarantar, ta rataye a kan allo, ta kuma buɗe wata a wayarta. Ta ce mu dubi shuɗin nan, duk ruwa ne, teku. Ni a tunanina teku wani babban tafki ne a bayan Legas. Ashe ƙasa ce 'yar kaɗan a cikinsa. Ta ce masu lura da kamun kifi na duniya sun yanka tekun nan gida-gida, kamar yadda ake yanka filaye a bayan gari, kowane yanki da lambarsa. Duk kifin da aka kama, ana rubuta lambar ruwan da aka ciro shi a jikin kwalinsa, don wanda zai ci ya san inda ya fito.

Wata daga bayan aji ta tambaya da me suka yi shingen, tunda ruwa ba ya riƙe turke. Madam ta ce a takarda kawai shingen yake, kifin bai san da shi ba.

Ta ɗora yatsa a yamma, gefen Muritaniya da Sanagal, ta ce nan ne talatin da huɗu. Ta gangara kudu, gefen wata ƙasa Namibiya da ban taɓa jin sunanta ba, ta ce nan arba'in da bakwai. Ta hau can sama, ruwan ƙasashen Turawa, ashirin da bakwai. Duk lambobin nan uku na san su da ido, na sha ganinsu suna cin wuta a murhuna. Na ce to ina Chadi? Ta nemo wani ɗan ɗigo a tsakiyar ƙasa, da ƙyar ake ganinsa. Ta ce ruwan da ke cikin ƙasa a Afirka gaba ɗayansa lamba guda aka ba shi, lamba ɗaya. Tafkin Chadi, da kogin da ya ratsa Yamai, da tafkin bayan garinmu inda jakuna ke shan ruwa, duk a gida ɗaya aka zuba mu.

Na tambaye ta ko kwalina yana da lamba ɗaya a wani wuri, ko da a ƙasa ne, da ƙananan baƙaƙe. Ta juya shi gaba da baya. Ta ce, "Inna, kifin nan na ruwan gishiri ne. Ko an kai shi Chadi ba zai kwana da rai ba."

Ba ta tsaya nan ba, don ita murna take yi ta samo amsa. Ta nuna mini cewa lambar ruwa daban, sunan ƙasar da aka rubuta daban. Lamba tana faɗin inda aka kama shi. Sunan ƙasa kuwa yana iya zama na masu jirgin, ko na inda aka zuba shi a kwali. Sai ka ga kifi ɗaya da gari uku, kamar ɗiyar da aka haifa a Yekuwa, aka yaye a Dungas, aka kai aure Kano. Ta nuna mini ranar da aka daskarar da shi, da ranar da bai kamata ya wuce ba. Na lissafa a raina: kifin da na sayar a makon nan ina cewa yau ya iso, ya girmi jikata mai rarrafe. Isowa dai yau ya iso, wannan ban yi ƙarya ba.

Sauran matan ajin suna ta dariya, ni kuwa ban ga abin dariya ba. Na naɗe kwalina na tafi.

Da safe na je wa mai firigo da shi. Dattijo ne mai sanyin hali, irin mutanen da faɗa da su ke da gajiyarwa. Na shimfiɗa masa takardar a kan firigon, na karanta masa lambar da bakina, na gaya masa inda ruwan yake. Ya saurare ni har na gama, ya ce masha Allah, karatu ya yi amfani. Na ce ba yabo na zo nema ba, na zo ya gaya mini dalilin da ya sa ni ƙarya shekara goma sha tara. Ya rantse shi ma haka aka gaya masa a Kano lokacin da ya fara. Lambar kuwa ya daɗe yana ganinta, ya ɗauka ta ɗakin ajiya ce a bakin jirgi. Daga baya, in ji shi, ya ɗan ji ƙishin-ƙishin, amma tunda ba wanda ya yi ciwon ciki, bai ga dalilin ta da maganar ba.

Ya ce, "Yaya, mutane ba ruwan suke saye ba, kifin suke saye. Ki bar musu Chadinsu."

Mijina ma haka ya ce, da nasa salon. Ya ce abin da ban sani ba Allah ba zai kama ni da shi ba. Na ce ai yanzu na sani. Ya ce to in daina kiran sunan kowane ruwa, in ce ga kifi kawai. Shawara ce mai kyau, kuma na gwada ta kwana biyu. Amma mutane sun saba. Mutum zai tsaya ya ce a ba shi na Chadi guda biyu, ni kuma in miƙa masa in yi shiru. A rana ta biyu na ji shirun ya fi ƙaryar ɗaci, don ita ƙaryar ban san ina yin ta ba.

Ranar kasuwa na kafa kasko, na jira motocin ƙauye suka fara saukewa, na buɗe murya na kira kifin teku. Wanda ya tsaya na gaya masa gaskiya: wanda na daɗe ina sayar masa ma na teku ne, ni ce ban sani ba, yanzu na karanta.

Na zaci za a yi mamaki, a gode mini. Mace ta farko ta ɗanɗana ta ce ai tun makon jiya ta ji ɗanɗanon ya sauya. Wani mai amalanke da ya shekara goma yana cin kifina ya ce dama ya lura kwanan nan yana sa shi ƙishirwa, ashe na ruwan gishiri na koma kawowa. Na rantse masa kifin bai sauya ba, kwali ɗaya ne, shago ɗaya ne. Ya ce in haka ne, ke nan shekara goma ina yi masa ƙarya. Na ce e, amma ba da sani ba. Ya ce to yanzu ta yaya zai san da sani nake magana? Ya ja amalankensa ya yi gaba.

Tebur na biyu daga nawa na wata ƙanwar mijina ce ta wajen uwa. Ni na koya mata sana'ar lokacin da mijinta ya rasu, ni na nuna mata yadda ake tsaga ciki ba a fasa matsarmama ba. A shago ɗaya muke saye, wani lokaci kwali ɗaya muke rabawa. Ranar nan ba ta ce komai a kaina ba. Ta dai ƙara wa muryarta ƙarfi tana kiran kifin Chadi na asali. Kalmar asali sabuwa ce, ranar ta shigo. Ina kallo mutanena suka bi ta gabana ɗaya bayan ɗaya, wasu har suna gaishe ni, suka je suka sayi ɗan'uwan kifin da ke kaskona, suna ci suna gyaɗa kai, suna cewa wannan shi ne kifi.

Kasuwa uku a jere ina komawa gida da fiye da rabin abin da na soya. Gidanmu aka ci kifi da safe, aka ci da rana, aka ci da tuwo, har autana ya ce shi miyar kuka yake marmari. Na rage zuwa kwali ɗaya, shi ma bai ƙare ba. Mijina bai ce ai na gaya miki ba. Ya dai riƙa tsotsar ƙaya a hankali yana dubana, wanda ya fi faɗin ciwo. Damina kuma tana matsowa, rumbu ya kusa ƙasa, kuma na san in teburin nan ya mutu ba abin da zai riƙe gidan.

Masu sayen da ba su gudu ba su ne ma'aikatan gwamnati da malaman lakwal. Ɗaya daga cikinsu ya ce mini ai su sun daɗe da sanin na teku ne, a rubuce yake a kwali. Na tambaye shi shekara nawa yana jina ina kiran Chadi. Ya ce tun da aka kawo shi garin. Na ce kuma bai taɓa buɗe baki ba? Ya ce bai so ya kunyata ni ba. Na zuba masa yaji fiye da yadda ya nema.

Sai na ce tunda a rubuce abin yake, bari in kafa shaida. Na yanko takardar kwalin ranar, na buga ta da ƙusa a gaban tebur. Na sami wani faffaɗan kwali na zana taswira da gawayi yadda na iya tunawa, Afirka ta fito kamar tulun da ya faɗi, na rubuta lambobin uku a inda suke. Duk wanda ya tsaya, ko bai tambaya ba, sai na yi masa darasi.

A kasuwa ta huɗu wani tsoho daga Dogo-Dogo ya tsaya. Da jakinsa yake zuwa sayar da wake, ba ya cikin masu sayena na da. Ya daɗe yana duban zanen, hannu a baya. Ya tambayi lambar da ke kaskon yau. Na ce arba'in da bakwai, na nuna masa ruwan Namibiya. Ya tambayi ta makon jiya. Na ce talatin da huɗu. Ya gyaɗa kai ya ce ke nan na yau ya fi na makon jiya da goma sha uku. Na ce Baba, ba haka ba ne, lambar wuri ce kawai, kamar lambar ɗaki a asibiti. Ya ce ya gane sarai. Sannan ya juya wajen teburin ƙanwar mijina ya ɗaga murya ya tambaye ta nata lamba nawa ne. Ta ce nata na Chadi ne. Ya dawo gare ni ya ce shi Chadin lamba nawa aka ba shi? Ni kuma da bakina na gaskiya na ce lamba ɗaya.

Tsohon ya yi dariya har ya riƙe tebur. Ya sayi guda huɗu.

Kafin la'asar labari ya zaga kasuwa cewa kifin Chadi lamba ɗaya ne tak, mai bakin nan kuwa tana da arba'in da bakwai, kuma a rubuce. Ranar ban koma gida da ko kai ɗaya ba. Kasuwa ta gaba mai amalanken nan ya dawo, ya ci, ya ce lalle manyan lamba daban ne, har ƙishirwar da yake sawa mai daɗi ce. Na koma kwali biyu, har na fara tunanin na uku.

Kada a ce ban yi ƙoƙari ba. Kowa na gaya masa lamba ba daraja ba ce. Na ce da su in mutum yana zaune a gida mai lamba goma, ba ya nufin ya fi na gida mai lamba biyu arziki. Suka ce gaskiya ne, a ba su na arba'in da bakwai. Na kai ƙara wajen Madam, ta yi dariya har da hawaye, ta ce aƙalla yanzu suna tambayar abin da ke jikin kwali. Na ce suna tambaya, amma amsar da suka zo da ita daga gida suke komawa da ita. Da na yi ƙarya ban sani ba, sun yarda. Da na faɗi gaskiya, sun gudu. Yanzu sun ƙera tasu ƙaryar da kayan da na kawo, kuma ni ke cin ribarta. Na rasa inda zan ajiye wannan a raina, amma hatsi na saya da kuɗin, ban zubar ba.

Ƙanwar mijina ta yi kasuwa biyu tana kallo. A ta uku na iso na tarar da wani kwali a gaban teburinta, an rubuta ɗaya da sifiri biyu da gawayi, manya-manya. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma duk mai sana'a ta san lamba. Tana kiran kifi lamba ɗari.

Na bari sai da na tambayi Madam, don kada in yi faɗa a kan jahilci. Ta duba wayarta ta ce lambobin ba su kai ɗari ba, a tamanin da takwas suka tsaya, kuma can ƙarshen duniya ne, ruwan ƙanƙara. Washegari na je teburin ƙanwar mijina tun kafin mutane su taru. Na ce mata ruwan da take sayar da kifinsa Allah bai halicce shi ba. Ba ta ko ɗago daga tsagar kifin da take yi ba.

Ta ce, "Yaya, da muna zaune lafiya da Chadinmu, kowa na samu. Ke kika kawo lamba kasuwa. Ni marayu gare ni, ba taswira ba."

Na ce zan gaya wa duk wanda ya tambaye ni. Ta ce ta sani, shi ya sa ba ta damu ba, don wanda ke son ɗari ba zai zo tambayata ba. Na koya mata tsaga kifi, amma wannan ba ni na koya mata ba, kuma ta fi ni gaskiya a kansa.

Kamar abin bai isa ba, sai kayan mai firigo suka sauya. Wata guda cur ba abin da ake kawo masa sai ashirin da bakwai. Wanda ya san kifi ya san a cikin ukun shi ya fi: mai zane a baya, mai kitse, ƙaya kaɗan, yana shiga kasko yana ba da nasa man. Mai firigo ya ba ni shawara, cikin sanyin nan nasa, in bar tsohuwar takardar arba'in da bakwai a jikin tebur, ai ba wanda zai ce in cire. Mijina ya ce shi ba ya cewa komai. Na cire ta, na buga sabuwa. Ina bugun ƙusar ina jin haushin kaina, da na Madam, da na ma'aikacin da ya kama mini yatsa.

Mutanen ƙauye suka zo, suka dubi ashirin da bakwai, suka dubi ɗari, suka yi abin da kowane mai hankali zai yi. Kwali ɗaya muka raba da ƙanwar mijina a safiyar nan. Nata rabin ya ƙare kafin azahar.

Ban rufe teburin ba. Ma'aikata suna nan, da wasu mata da suka gano cewa ni kaɗai ke iya gaya musu ranar da kifi bai kamata ya wuce ba. Masu suyar ma, har da ƙanwar mijina, sun koma kawo mini kwali da safe in duba musu wannan ranar kafin su biya. Nakan karanta musu tsakani da Allah, su yi godiya, su je su kira ɗari. Wata sabuwa a bakin kwata ma na ji ta kai ɗari biyu. Kwali ɗaya nake ƙararwa ranar kasuwa yanzu, ba biyu ba. Yana riƙe gidan, da ƙyar, in an haɗa da ɗan abin da nake samu a ƙosai da safe.

A ƙarshen watan nan tsohon Dogo-Dogo ya zo. Ya ɗaure jakinsa, ya dubi takardata, ya ce subhanallahi, har na faɗo haka? Na ce Baba, abin da ke akwai ke nan, in ɗari yake so ga ta can. Ya ce ya ci ɗarin makon jiya, kuma shi a bakinsa bai wuce sittin ba. Na ɓantaro masa gefe na miƙa. Ya tauna a hankali, ido a rufe, kitsen yana bin gemunsa. Ya ce a ƙaramar lamba dai ya yi ƙoƙari. Ya sa na naɗe masa uku, ya cusa a aljihun babbar riga, ya sunkuyo ya ce kada in gaya wa iyalinsa lambar, don ya riga ya saba musu da manya.

Na ce in matarsa ta tambaye ni zan faɗa mata.

Ya ce, "Na sani, 'yar nan. Shi ya sa nake barinta a gida."